Lomar Danchile

Da aka turo ni Hawassa aikin gwajin ruwa, 'yan uwana a Debre Markos sai taya ni murna suke, wai na samu garin hutu. Hutun me? Ɗaki ɗaya na kama a bayan gidan wata tsohuwa da ba ta ji sosai, tagar ɗakin tana kallon katanga. A ofis kuma muna da yawa, amma ɗakin gwaji ni kaɗai ce a ciki, sai firij mai gurnani. Abokan aikina ba mugaye ba ne, kada in ɗauki alhakinsu. Za su gaishe ni da Amharik, su juya su ci gaba da hirarsu da Sidama, yaren garin da ba na ji, in lokacin abinci ya yi su fita ayari guda, ni kuma in buɗe ɗan kwanona a gefen injin tace ruwa. Sunana Yeshareg. Na haura arba'in, ba miji ba ɗa, kuma bakina ba shi da linzami. Na san ba kowa ke son zama da irina ba.

Talata ce ranar shiga tafki, babban tafkin nan da garin ke bakinsa. Wani tsohon masunci, Gashe Hameso, shi ofis ya ɗauka yana kai ni a kwalekwalensa. Mutum ne da in ya ce miki ina kwana, to ya gama maganar yini. Wuraren da nake ɗibar ruwa ba sa canzawa: bakin kogin da ke shigowa daga arewa, tsakiyar tafki, gaban otal-otal, sai kuma ɗan mashigin masunta inda yake ɗaure kwalekwalen, dab da inda wata babbar kwata ta gari ke zubowa. Ko'ina muka tsaya sai in saki farin faifai da igiya in ga zurfin da zai kai kafin ya ɓace wa ido, in tsoma ma'auni, in cika kwalabe in jera su a kula kan ƙanƙara. Tsakiyar tafkin na fi so. Daga can gari yakan koma ɗan mitsitsi, amon lasifikar coci ma da ƙyar yake isowa, sai dorina ta busa hanci a nesa. A can in ba wanda ya yi min magana ba na jin haushi, don babu kowa.

Matar Gashe Hameso, Danchile, tana da rumfa a mashigin nan. Romon kifi take sayarwa da soyayye, da kuma ɗanyen karfasa da ake yankawa siri-siri a ci da yaji, wanda mutanen garin nan suke mutuwar so. Duk maganar da mijinta bai yi ba tun aurensu ita ta yi masa. Ranar farko da na sauko da kulata tana tsaye riƙe da ludayi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce gwamnati ke biya ki ɗebi ruwa a kwalba ki kai gida? Ni kullum ina ɗiba, ba wanda ya taɓa ce min sannu."

Na ce, "Ke kina ɗiba ki ɗura wa mutane, ni ina ɗiba in ga abin da kika ɗura musu."

Na zaci za ta watso min romon. Sai ta tuntsire da dariya har tana dafa ƙugu, ta fassara wa sauran mata masu rumfa a wurin, su ma suka kwashe. Nan take ta raɗa min suna Uwar Kwalabe, ta zuba min romo ta ce in sha kafin iska ta ɗauke ni. Na ce gishiri ya yi kaɗan. Ta ce harshena ne ya mutu da cin abincin gwauraye.

Haka muka fara, kuma haka muka ci gaba. Ban taɓa shan romonta ban kushe ba, ita ma ba ta taɓa barin ni na tafi ba ta zagi takalmina na roba ko gashina da ba na gyarawa ba. Ruwan gwaji ba ya son jira, dole in kai shi ofis tun ƙanƙarar ba ta narke ba, amma sai in tsinci kaina ina jan ƙafa a rumfar. Daga baya na fara zuwa ranar Lahadi bayan coci, ba kwalba ba dalili. In yanka mata albasa, in kore mata borin tunke, waɗannan munanan tsuntsaye masu tsayawa a kan mutum kamar masu jiran gado. Ina ce mata Etiye, wato Yaya. Ba na jin rabin abin da ake faɗa a rumfar, amma in an yi dariya takan juyo ta gaya min dalili. A garin nan kaf ita kaɗai ke yi min haka, kuma ina son ta ƙwarai.

Sai damina ta sauka da ƙarfi. Kwatar nan ta cika ta tumbatsa, tana aman baƙin ruwa da leda da abin da ba na so in ambata, iska kuma tana turo shi gefen mashigin.

Gwajin ba wani abin al'ajabi ba ne. Ina tace ruwan ta wata 'yar farar takarda, in ɗora takardar a ɗan faranti mai murfi, in sa a akwatin ɗumi ya kwana. Washegari duk ƙwayar cutar da ta fito daga bayan gida takan zama shuɗin ɗigo, sai in ƙirga. Da rani farantin mashigin yakan fito da ɗigo nan da can, abin da bai yi min daɗi ba, amma ana lallaɓawa. Wannan karon da na ɗaga murfi babu abin ƙirgawa, takardar gaba ɗaya ta rine. Na zargi hannuna. Na koma na sake ɗibowa, na surka ruwan sosai, na sake gwadawa. Abin bai canza ba. Kuma a daidai wurin nan ake feɗe kifi a ɗauraye shi, da ruwan ake wanke faranti da wuƙa da hannu.

Na rubuta rahoto na kai wa shugabanmu. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce lallai za a kai gaban kwamiti. Na san kwamiti. Ban jira ba, na ɗauki farantin na nufi mashigi.

Danchile ce ta tara min matan, ita ta yi min tafinta. Na ce romo da soyayye ba laifi, wuta ta gama da komai, amma ɗanyen da aka ɗauraye a bakin ruwan nan cuta ne, a wanke da ruwan famfo ko a bar shi sai rani. Ta faɗa musu tiryan-tiryan, na ga alama ba ta rage komai ba. Aka yi min caa. Wata ta ce yajinsu ko maciji ya kashe balle abin da ido ba ya gani. Wata ta ce famfo yana can bakin titi, ga hawa ga layi, ko ni zan riƙa ɗauko musu? Wata tsohuwa ta leƙa farantin ta ce launin ya yi kyau, a rina mata gyale da shi. Amma akwai wata yarinya mai goyo, Lembo, da ta bi ni gefe tana tambaya a hankali ko wannan ne ya sa ɗanta ya ƙi daina zawo. Na ce ban rantse ba, amma zai iya zama.

Da aka watse na tambayi Danchile ita me ta gani. Ta ce, "Na faɗa musu abin da kika ce, Uwar Kwalabe, don ke ce. Amma ni tafkin nan ya raine ni, ya raini uwata. Yau zan ce masa ƙazami?"

Muka yi ta musu har romo ya ƙone a gindin tukunya, ta ɗora min laifin.

Duk da haka maganar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Lembo ta fara hawa bakin titi da jarka, wasu biyu ko uku suka bi ta, sauran suna yi musu dariya. Sai kuma na lura an sa wa farantin abincina ido. Danchile da kanta ta gaya min, tana dariya, wai matan sun ce ma'aikatan gwamnati haka suke, su hana ka abu da rana su ci a ɓoye, bari dai su ga abin da ni nake kaiwa baki. Na ce su zuba ido har ya tsiyaye.

Ana cikin haka Gashe Hameso ya gama sabon kwalekwale, wanda ya daɗe yana sassaƙa da taimakon surukinsa, don tsohon kwalekwalen ya kai inda nake zama ƙafafuna cikin ruwa. Aka sa ranar Asabar da safe za a tura shi tafki. Danchile ta ce in ban zo ba kada in ƙara nuna mata wannan fuskar tawa. Tun da na zo garin ba wanda ya taɓa gayyata ta komai, ko suna ko biki ko zaman makoki. Na fito da farar rigata ta saƙi daga ƙasan akwati, har kitso na je aka yi min.

An baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, an turara wuri, ga gugguru, ga gahawa ana soyawa. Fastonsu ya yi addu'a mai tsawo. Maza suka tura kwalekwalen mata na guɗa, ba a jima ba suka dawo da kamun farko, karfasa manya-manya masu sheƙi. Ina zaune ina kallo aka feɗe su a bakin ruwa, aka ɗauraye tsokar a daidai inda nake tsoma kwalbata. Na kawar da kai. Na ce a raina yau ba ranar aiki ba ce, zan ci gugguruna in sha gahawa in yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwata.

Aka kawo babban tire, ga kifin an yanka, ga yaji ja wur, ga kocho, wato gurasarsu ta gargajiya. Danchile ta miƙe ta yi magana da Sidama, mutane suna gyaɗa kai suna waiwayo ni. Sannan ta maimaita da Amharik don in ji.

"Wannan matar ba ta da kowa a garin nan. Daga yau tana da ni. Ƙanwata ce. In ta kwanta ciwo ni zan yi jinya, in ta mutu ƙungiyarmu ta jana'iza ce za ta kafa rumfa ta binne ta, ba za a jefa ta a mota a kai wa dangi kamar buhu ba."

Ta tsuguna ta yagi kocho, ta zaɓi tsoka mafi kyau, ta dangwala yaji, ta naɗe loma. Ba ta nufi mijinta da ita ba, ba ta nufi fasto ba. Bakina ta nufo.

Na sha juya abin nan a raina, kuma na tabbata ba gwada ni take ba. Danchile ba ta iya makirci ba. Lomar farko ta kamun farko ita ce abu mafi daraja a wurin, ita ta ɗauko ta ba ni, maganar farantin gwajina ko faɗo mata ba ta yi ba. Ni kuma Allah ya sani ina so. Tun rasuwar mahaifiyata ba hannun da ya kai min loma baki. Ba ciwon ciki nake tsoro ba, da in yi mako ina zawo a kan wannan lomar ai da sauƙi. Amma ta saman kafaɗarta ina hango matan nan sun yi tsit, kowace idonta a kan leɓena. Ga Lembo can a ƙarshe da goyonta, jarkarta a gefen ƙafa. In na buɗe baki, gobe ba mai sake hawa bakin titi, kuma duk farantin da zan kawo nan gaba abin rina gyale ne. Lomar hannu kuwa a al'adarmu ba a karɓarta da hannu a ajiye, ba a kuma tofar da ita.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Etiye, ba ni na tukunya."

Ta yi dariya. "Buɗe bakin nan naki da ba ya rufuwa."

"A bakin kwata aka wanke shi."

A hankali na faɗa, amma wurin ya yi shiru sosai, kowa ya ji, wanda bai ji Amharik ba ma ya gane. Hannunta ya tsaya a iska. Yajin ya gangaro mata har wuyan hannu. Ta dube ni, dariyar tana nan a fuskarta ba ta gama sauka ba, sannan ta dubi lomar. Ba ta da inda za ta kai ta, ba a mayarwa tire, ba kuma wanda za a miƙa wa abin da wani ya ƙi. Ta juya ta wurga wa borin tunke, ya cafe tun kafin ta taɓa ƙasa. Wani saurayi ya fashe da dariya, aka zungure shi. Gashe Hameso ya ce a zuba gahawa.

Ba wanda ya kore ni. Na zauna aka zagayo da gahawa har zagaye na ƙarshe, ana miƙo min ina karɓa, ana hira ta kaina da Sidama, ba mai juyowa ya gaya min abin da ake wa dariya. Da na koma ɗaki na cire farar rigar na ninke, na yi kuka irin wanda na manta ina iyawa. Tsohuwar gidanmu ba ta ji ba.

Washegari na sayi gahawa da sukari na je ba da haƙuri. Tana hango ni ta miƙe tsaye, abin da ba ta taɓa yi min ba. Ta karɓi kayan da hannu biyu ta yi godiya, ta ce ba komai, ai aikina nake. Ta goge benci ta ce, "Zauna, Weizero Yeshareg," irin kiran girmamawar da ake yi wa baƙuwa. Na ce wace ce kuma Weizero? Ta yi murmushi ta zubo romo. Na kurɓa na ce gishiri ya yi kaɗan, na zuba mata ido ina jira. Sai ta ce in yi haƙuri, ta ɗauko gishiri ta ƙara min. Na rantse da ta mare ni da ya fi min.

Na yi fushi ni ma, kada a ce ban yi ba. Na ce a raina wace irin mace ce wannan, na tsare mata lafiyar jikokinta tana yi min fuskar baƙi? Na daina zuwa Lahadi. Sai in fito coci in yi ta yawo a titi ina kallon kayan da ba zan saya ba, in koma ɗaki tun rana na tsaka. Talata kuwa ba makawa, in sauka daga sabon kwalekwalen, mu gaisa da ita kamar a asibiti, in ɗauki kulata in wuce.

Wata Talata muna tsakiyar tafki, ina sakin faifai, Gashe Hameso ya yi gyaran murya. Ya ce matarsa ta kwashi matan mashigi sun je ofishin unguwa sun zauna a ƙofa, sun koma washegari, sun sake komawa, har sai da aka yarda za a jawo musu famfo zuwa bakin rumfuna. Na saki baki ina kallonsa. Ya ce ta gaya wa matan cewa macen da ba ta da kowa, aka miƙa mata dangi a loma ta rufe baki, to lallai abin da ta gani a ruwan nan ba ƙarami ba ne. Na tambaye shi ko ta huce ke nan. Ya gyara riƙon filafilinsa.

"Ba ta ce kin yi ƙarya ba," ya ce.

Kafin damina ta ɗauke aka kafa famfon. Gashe Hameso ya kawo min saƙo wai matan suna roƙo in gwada musu ruwansa. Na ɗiba da kaina, na tace, na sa a akwatin ɗumi, da sassafe na riga mai shara zuwa ofis. Takardar fara fat, ko ɗigo ɗaya babu. Na juya in nuna wa wani, ɗakin ba kowa. Sai na naɗe farantin a gyalena na tare keke mai ƙafa uku, ina ta ce wa direban ya yi sauri kamar mai kai labarin haihuwa.

Na same su ana tsakar aiki, famfo na zuba, an jera bokitai ana ɗauraye kifi. Na buɗe farantin a gaban Danchile. Ta goge hannu a zane ta sunkuya ta duba da kyau.

"Wannan fari haka, lafiya ke nan?"

"Lafiya lau, Etiye. Ku ci ɗanyenku yadda kuke so."

Ta ce, "Mun gode, Weizero."

Ta juya ta ɗaga murya ta faɗa musu da Sidama. Wuri ya kaure da guɗa. Nan da nan wata ta jawo tire, aka yanka karfasar da aka wanke a famfo, aka zubo yaji. Danchile ta naɗe loma ta sa wa Lembo a baki, ta naɗa ta ba tsohuwar nan mai son rini, ta bi su ɗaya bayan ɗaya suna dariya suna rama mata. Ina tsaye a gefenta riƙe da farantina, kusa har ina jin ƙamshin yajin. Ta zo kaina, ta ce in ɗan matsa mata, ta miƙa wa ta bayana.

Na rufe farantin na kama hanya. Sai da na hau har bakin titi na lura ashe tun ɗazu bakina a buɗe yake.